Wasiƙa zuwa ga 'yata a jami'a, kan zancen "ai tiyori ne kawai"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya zaman Dutse? Mu nan Garki sai godiyar Allah. An gama yankan gero ana ta ɗaurin dammai, wake kuma ya fara bushewa. Innarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Na ga saƙonki. Kin ce an kawo ku darasin juyin halitta, wato yadda zuriyar masu rai ke sauyawa da tsawon zamani, ke da 'yan ɗakinku kun yanke shawarar ku haddace shi don jarrabawa kawai, in an fito ku watsar, tunda "ai tiyori ne, su kansu Turawan ba su tabbatar ba". Na ƙi ba ki amsa ta waya, domin magana ce da ba ta son gaggawa da yankewar sabis. Na ji daɗin kishin addininki, Allah Ya ƙara. Amma hujjar da kuka riƙe ba ta da ƙafa, kuma gara ki ji haka daga bakin mahaifinki da ki ji daga bakin wanda zai yi miki dariya.

Shekarun da na yi ina aikin malamin gona, babu ba'ar da ban sha ba. Manomi zai dube ka da takarda a hannu ya ce, "Malam, ku tiyori kuka iya, mu ke da fartanya." A bakinsa tiyori zancen baki ne, abin da ba a gwada ba. Masu kimiyya ba haka suke nufi ba. Abin da mutum ya zata bai gwada ba, hasashe sunansa a wurinsu. Ba sa kiran bayani tiyori sai ya tattara abubuwa masu yawa da aka gani aka auna, ya faɗi dalilin da ya sa suke haka, ya kuma iya faɗin abin da za a tarar idan aka duba inda ba a taɓa dubawa ba. Sannan sai an shekara da shekaru ana neman karya shi bai karye ba. Cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo tarin fuka da kwalara, har yau tiyori ake ce masa a littattafanku, ko da yake tun 1882 Robert Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka. Ban taɓa ganin wanda ya yarda a yi masa allura da sirinjin da aka yi wa wani ba don wai zancen ƙwayoyin cuta tiyori ne.

Wasu kuma suna zaton in tiyori ya tabbata sai a yi masa ƙarin girma ya zama doka. Aikinsu ne ya bambanta. Doka tana faɗin yadda abu yake gudana, sau da yawa da lissafi, kamar dokar Newton ta 1687 kan yadda abubuwa ke jan juna. Tiyori shi ke bayanin dalili. Na Einstein na 1915 ya bayyana har da 'yar karkatar da ake gani a kewayen duniyar da ta fi kusa da rana, wadda lissafin Newton ya gaza kamawa, kuma bai canza suna ba har gobe.

To, mu zo kan naku darasin. Da Charles Darwin ya fitar da littafinsa a 1859, bayan an karanta takardunsa da na Alfred Wallace kan tunanin a Landan a 1858, da dabbobin gida da amfanin gona ya fara, musamman tattabaru, waɗanda shi kansa ya yi kiwonsu. Wannan kuwa abu ne da kika gani da idonki. Kin tuna yadda marigayi kakanki yake zama bakin tarin gero da kaka, yana ɗaga zangarniya ɗaya bayan ɗaya? Ya murza ta da babban yatsa ya ga ko ƙwayar ta cika ta matse, ya jefar da mai domana, ya ware dogaye waɗanda suka nuna da wuri. Su yake ɗaurewa daban, a sa can saman rumbu, ko yunwa ta yi yaya ba a taɓa su. Iri ke nan. Haka uban ubansa ya yi. A nan yankin Sahel aka fara noman gero, an tono burbushinsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali mai shekara kimanin 4,500, kuma asalinsa ciyawar daji ce. Shibrar da muke cirewa a gona, mai zubar da ƙwayarta tun kafin a zo yanka, halin wannan ciyawar ne bai sake ta ba. Hannun manomi da zaɓen iri shekara bayan shekara su suka mai da ciyawa abin da muke tuwo da fura da shi.

Abin da Darwin ya ƙara shi ne, inda babu hannun manomi ma zaɓen yana gudana. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama iri ɗaya, ana gadon kamanni, kuma ana haifar fiye da waɗanda za su rayu su hayayyafa. Fari da cuta da yunwa da maƙiyi su ke tankaɗe. Wanda halinsa ya dace da wurin shi ke barin zuriya, sannu a hankali zuriyar ta sauya.

Klorokwin ya ishe ki misali. Muna samari, in zazzaɓi ya kama ka sai ka sha, ka kwana kana susa saboda ƙaiƙayinsa, kwana biyu ka miƙe. Daga baya ya daina ci. Mutane suka ce jiki ne ya saba da shi. Jiki bai saba da komai ba. A cikin miliyoyin ƙwayoyin zazzaɓi akwai 'yan kaɗan da sauyi ya auku a cikin gadonsu, maganin ba ya kashe su. Ya kashe sauran ya bar musu fili, suka yaɗu. An fara ganin haka a kudu maso gabashin Asiya da Kolombiya a ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka a 1978, ya ratso har wurinmu, sai da Najeriya ta koma magungunan haɗi na atemisinin a 2005. Haka yake faruwa da sauro da maganin feshi, haka da tsutsa a gona. Shi ya sa na gaji da faɗa wa manoma su daina tsinka magani da ruwa don ya yi auki, su kuma daina nacewa kan iri ɗaya kowace damina.

Wanda ya fi kusa da mu kuwa a jininmu yake. Ina ɗan firamare aka yi babban binciken zazzaɓin cizon sauro a nan ƙasar Garki, na Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya, daga 1969 zuwa 1976, lokacin muna cikin Jihar Kano. Ina tuna motocinsu, da warin feshin da ake yi a bangon ɗakuna, da yadda ake jera mu a huda yatsa a shafa jinin a kan ɗan gilashi. A cikin abin da suka auna har da sikila. Sun tarar jarirai kusan 24 cikin 100 AS ne, wato sun gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kusan 29. Me ya ƙara su, alhali ba a sauya jini bayan haihuwa? Zazzaɓi ne yake ɗauke 'yan AA fiye da 'yan AS. Jarirai kusan 2 cikin 100 kuma SS ne, a wancan zamani da ƙyar ake samun wanda ya girma a cikinsu. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna wannan alaƙa a gabashin Afirka. Ita ce amsar tambayar da ya kamata kowane ɗalibin lafiya ya yi: ta yaya abin gado mai kisa haka ya yawaita a cikinmu, ya yi ƙaranci a ƙasashen da ba su san wannan zazzaɓi ba? Wanda ya watsar da darasin bayan jarrabawa ba shi da amsar.

Na san abin da za ki ce, domin kowa shi yake cewa: ai wannan ƙaramin sauyi ne, sauro dai sauro ne, gero gero ne. Amsar masanan ita ce tsawon zamani. Awonsu ya nuna duniya ta kai shekara biliyan 4.5, rayuwa a cikinta ta haura biliyan 3.5, kuma duwatsu sun ajiye sawu. A hamadar Fayyum ta Masar akwai wani kwari, Wadil Hitan, cike da ƙasusuwan kakannin manyan dabbobin teku masu shayarwa na kimanin shekara miliyan 40, ga 'yan ƙafafun baya nan a jikinsu har da yatsu. Wanda ya fi burge ni shi ne na Kanada. Masu bincike suka ce in da gaske dabbobin tudu masu ƙafa huɗu daga kifi suka samo asali, to lalle a samu mai siffar tsaka-tsaki a duwatsun tsoffin koguna masu shekara wajen miliyan 375. Suka duba taswira suka ga irin duwatsun a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewa mai ƙanƙara. Suka yi ta zuwa suna dawowa hannu rabbana, sai a 2004 suka tono shi: kifi mai ɓawo da ƙaya, amma da wuya, da ƙasusuwa irin na damtse da wuyan hannu a cikin fiffikensa. Suka sa masa suna Tiktaalik. Sun faɗi inda za a same shi tun kafin a same shi. Da za a tono ƙashin zomo a duwatsun da suka girmi kifi, da ginin tiyorin ya girgiza tun daga tushe, amma fiye da shekara 160 ana tono ba a ga irin haka ba. Darwin bai san yadda gado yake aiki ba, bayanin da ya bayar a kansa kuskure ne, an jefar da shi. Gwajin Mendel a kan wani irin wake a 1866 da gano siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gado a jiki, a 1953, su suka cike gurbin, kuma da aka fara karanta DNA sai dangantakar da ta nuna ta zo daidai, a mafi yawa, da wadda aka riga aka zana daga ƙasusuwa.

Za a turo miki labarin ƙoƙon kan Piltdown a WhatsApp, in ba a riga an turo ba. Gaskiya ne, jabu ne, an haɗa kan mutum da muƙamuƙin biri a Ingila a 1912. Sai dai masu kimiyyar ne da kansu suka tona asirin a 1953. Ramin ƙarya ƙurarre ne a wurinsu ma.

Saura inda gizo ke saƙar, wato mutum. Ba zan ɓoye miki ba, masanan ba su cire ɗan Adam daga lissafinsu ba, kuma babu wata rigima mai ƙarfi a tsakaninsu a kan haka. Gardamarsu a kan rassa take, wane ne ya riga wane, da sauri aka sauya ko a hankali. Ba su ce birin gidan zu na Kano kakan kowa ba ne, masu faɗin haka ba su karanta ba. Cewa suka yi jikin mutum da na manyan birai sun haɗa asali mai nisa, suna kafa hujja da DNA da kuma ƙasusuwa irin wanda aka tono a hamadar Jurab ta maƙwabciyarmu Chadi a 2001, mai shekara wajen miliyan 7. Duk wanda ya ce miki Turawa sun janye wannan magana, ko bai sani ba ko yana lallashinki ne.

Ni kuma abin da na tsaya a kai kin san shi. Allah ne Mahalicci, Annabi Adamu, alaihis salam, shi ne ubanmu, kamar yadda Alƙur'ani ya faɗa. Yadda za a daidaita wannan da abin da ke cikin duwatsu da jini, malaman Musulunci na wannan zamani sun rabu. Akwai masu ƙin zancen gaba ɗaya. Akwai masu karɓarsa a kan tsirrai da dabbobi, su ce halittar Adamu mu'ujiza ce ta daban, kamar yadda haihuwar Annabi Isa ba uba ba ta rushe ilimin haihuwa ba. Akwai masu ganin duka sababi ne da Allah Ya tsara. Zuciyata ta fi kwanciya da na tsakiya, amma ni malamin gona ne, fatawa ba tawa ba ce. Abin da na sani shi ne sanin sababi bai taɓa kore Mai sababi ba. Muna jin hasashen damina a rediyo, mun san yadda iska ke ɗauko ruwa daga teku, in kuma aka yi fari mu fita roƙon ruwa, babu wanda ya ga karo a ciki. Mai cewa kimiyya ta tabbatar babu Allah ya fita daga gonar kimiyya, don ba ta da ma'aunin da za ta auna wannan.

Saboda haka ki karanta darasin karatun fahimta, yadda za ki iya bayyana shi fiye da malamin da ya koya miki. Rubuta abin da masana suka gano da hujjarsu a takardar jarrabawa ba sauya aƙida ba ne. Kada ki shiga sahun masu kafirta malami don ya koyar da abin da ke cikin manhaja, kada kuma in kin gane ki riƙa yi wa ƙawayenki kallon jahilai. Abin da ya shige miki duhu ta fuskar addini ki kai wa malami mai haƙuri wanda zai saurari tambayar har ƙarshe kafin ya amsa, akwai su a masallacin makarantarku. Musun tsakar dare a ɗakin kwana ki bar shi, ba ya haifar da komai sai gaba.

Tunda zancen jini ya shigo, bari in faɗi abin da innarki take jin nauyin faɗa. Ke AS ce, irina. Duk ranar da wani ya fito da magana, tun kafin zuciya ta yi nisa, tun kafin manya su shiga, a yi gwaji a asibitin da aka yarda da shi. In shi ma AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma kin ga wahalar da 'yar gwaggonki take sha duk lokacin sanyi. A kan wannan ba zan yi sassauci ba.

Na ba direban motar kasuwa garin kunu da ƙuli-ƙuli da ɗan abin da ya sawwaƙa, ki kira shi ranar Talata da yamma. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Ni ne mahaifinki.