Wasiƙa daga Garwa: maganar Inna da gigin tsufa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Duwala, ya ruwan sama? Mu nan Garwa zafi ne kawai ke gasa mu, kogin Binuwai ma ya janye duk yashi ya fito.

Ka tambayi jikin Inna. To da sauƙi dai za a ce, tana ci tana sha, amma mantuwar ta ƙaru wallahi, shekaranjiya sau uku tana sallar la'asar, kuma ta kira ni da sunan Baba marigayi. Maƙwabta har sun fara cewa wai sammu ne, wasu su ce ai gigin tsufa ne ba a yi mai komai.

Autanmu mai karatun likita shi ya zaunar da ni ya ba ni labarin wata likita 'yar ƙasar Finlan, Miia Kivipelto, farfesa ce a jami'ar Karolinska can Suwidin. Matar nan kusan duk rayuwarta a kan abu ɗaya ta ƙare: ta yaya za a tare cutar mantuwar nan tun kafin ta kama mutum. Tun 2001 ta nuna cewa wanda ke da hawan jini da kitse a jini yana tsakiyar shekarunsa, shi ya fi shiga haɗarin cutar Alzaima, mai kawo gigin tsufa, in ya tsufa. Daga baya ta jagoranci binciken FINGER da ya fito a 2015, mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, aka raba su biyu, rabi aka sa su gyara abinci da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa ana kuma auna musu jini akai-akai har shekara biyu, ƙarshe su suka fi ɗaya rabin riƙe kaifin tunani. Ba wani sabon ƙwaya fa, wannan shi ya ban mamaki.

Sai jikina ya yi sanyi, don Inna ta fi shekara ashirin da tansiyo, wato hawan jini, maganin sai ranar da kai ya sara take sha, mu kuma ba mu matsa mata ba.

Shi ya sa na rubuto. Kai ma an ce maka kana da hawan jini ka sha magani wata ɗaya ka watsar, kar ka musa, Hajiyarka ce ta faɗa wa tawa. Mun haura arba'in da biyar fa! Dan Allah ka koma asibiti a auna ka, ka rage gishiri da suyar dare da tabar nan. Ni na fara takawa da ƙafa bayan asuba har bakin gada, na ajiye mashin.

A gaida Hajiya da yara, ka sa Inna a addu'a. In za ka zo da sallah ka taho mata da turaren nan da take so, shi kam har yanzu tana gane ƙamshinsa.

Naka,
abokinka na Garwa