Oga ya ce mai kaɗa kafaɗa ba zai jagoranci kowa ba

Assalamu alaikum Malam. Ka yi haƙuri idan zancen ya zo a hargitse, raina a ɓace yake.

Ni soja ne, kofur. An fito da sunayen masu tafiya kwas ɗin ƙarin girma, babu nawa. Da na tambaya, ogan namu ko kallona bai yi ba, ya ce mai ƙifta ido da kaɗa kafaɗa a fareti ba zai jagoranci kowa ba. A gaban yaran da ni na koya wa riƙe bindiga ya faɗa!

Larurar da ke sa ni haka sunanta Turet, wani likitan Faransa, Gilles de la Tourette, ne ya bayyana ta a 1885. Tun ina firamare nake ƙifta ido, kafaɗata ta dama ta zabura, ga gyaran murya da ba na iya hanawa. Ba hauka ba ce, ba ta taɓa basira. Ina jin abin yana taruwa kamar atishawa, in danne shi har a tashi daga fareti, ina shiga ɗaki sai ya ɓalle har wuyana ya yi tsami. Zagin da ake zaton duk muna yi, kusan mutum 1 cikin 10 ne ke yin sa, ni ban taɓa ba. A filin harbi kuwa, da na tattara hankalina sai ya lafa. Ogan ma ya sani, da hannunsa ya rubuta makin da na ci.

Dama can ba ya ƙaunata, yana da 'yan gaban goshinsa. An ce har kwaikwayona yake yi a yi ta dariya. Tun da na ji haka abin ya ƙaru, don damuwa ce ke tayar da shi, shi kuma ya samu abin nunawa.

Lokacin da aka ɗauke mu aikin soja abin ya yi sauƙi sosai, ba wanda ya tambaye ni, to me zan ce? Yanzu in na kai ƙara sama, tsorona kar a tura ni gaban likitoci a ce in ajiye kaki. Maiɗakina ta ce in haƙura in nemi aikin gwamnati na ofis. Dama burina ke nan bayan ritaya, amma ba a kore ba.

In rubuta ƙarar ko in yi shiru? Sannan Malam, likita ya ce ana iya gadon larurar, ga ɗana na fari ya fara ƙifta ido, kullum yana cewa soja zai zama. Me zan gaya masa?