Wasiƙa zuwa Kumasi kan haramta ƙungiyar 'yan Shi'a

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka wanda a ciki kake tambayar dalilin da ya sa nake adawa da haramcin da gwamnati ta ɗora wa Harkar Musulunci ta Sheikh Ibrahim Zakzaky, alhali ka san ni ba ɗan Shi'a ba ne, kuma tsakanina da su akwai saɓanin aƙida mai zurfi wanda ban taɓa ɓoyewa ba. Tambayar ta cancanci amsa a tsanake, shi ya sa na zaɓi in rubuto maka.

Ba zan tauye hujjar gwamnati ba. Ƙasar da ta ga rikicin Maitatsine a Kano cikin Disambar 1980, inda aka rasa rayuka fiye da 4,000, sannan ta ga abin da ya tsiro daga Maiduguri a 2009, dole gabanta ya faɗi idan ta ga jama'a mai ɗimbin yawa tana bin umarnin mutum ɗaya. Kai ma ka sha ganin tattakin Arba'in kafin ka bar gida: maza da mata cikin baƙaƙen tufafi, wasu da goyo a baya, sun cika hannu ɗaya na titin Kano zuwa Zariya, hurras, wato masu gadin ƙungiyar, suna ba motoci hannu kamar su ne hukuma. Mazauna Gyallesu, unguwar da Zakzaky ya zauna a Zariya, sun daɗe suna koke, kuma kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa kan rikicin Zariya na 2015 ya zargi ƙungiyar da rashin mutunta hukumomin ƙasa. Duk wannan na yarda da shi. Sai dai tare hanya laifi ne da doka ta san da shi, akwai kotun da za ta saurare shi, akwai kuma hukuncin da ya dace da girmansa.

Abin da aka yi daga 12 zuwa 14 ga Disambar 2015 ya wuce wannan ma'auni nesa ba kusa ba. Bayan an tare ayarin babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Tukur Buratai, sojoji sun far wa Husainiyya Baƙiyyatullah, cibiyar ƙungiyar a Zariya, da gidan Malamin a Gyallesu, daga baya kuma aka rushe su. Sakataren gwamnatin jihar da bakinsa ya shaida wa kwamitin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a Mando, kusa da Kaduna. Soja ɗaya ya mutu. Kwamitin ya ba da shawarar a gurfanar da waɗanda suka yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, amma har yau ba mu ji an kai ko mutum ɗaya gaban alƙali ba. Mutum 347, Malam Habibu, ba a kai su ga danginsu ba, ba a bar iyayensu sun san inda za su tsaya su yi musu addu'a ba. Na ji wasu daga cikinmu suna cewa ai 'yan bidi'a ne, kuma wannan magana ta fi komai ƙona mini rai, domin addinin da muke tinƙaho da shi bai halatta jinin mutum ba don an saɓa da shi a fahimta.

Daga nan sai matakai suka riƙa bin juna. A Oktoban 2016 gwamnatin Kaduna ta ayyana ƙungiyar a matsayin haramtacciya. A Disambar shekarar, Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya ya ba da umarnin a saki Malamin da matarsa Zinatu, waɗanda ake tsare da su tun lokacin harin, cikin kwana 45, a kuma biya su diyya, amma gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. A Yulin 2019, bayan muzaharar Abuja da aka kashe mataimakin kwamishinan 'yan sanda Usman Umar da wani matashin ɗan jarida da wasu mabiya ƙungiyar, gwamnatin tarayya ta samo umarnin kotu na sanya ta cikin 'yan ta'adda, ba tare da an kira ɓangarensu an ji ta bakinsu ba. Shekara biyu bayan haka, a Yulin 2021, Babbar Kotun Jihar Kaduna ta wanke Malamin da matarsa daga dukkan tuhumar da aka yi musu. Ka ga ke nan gwamnati ta rungumi umarnin kotun da ya yi mata daɗi, ta yi watsi da wanda bai yi mata ba.

Fadar shugaban ƙasa ta ce ƙungiya aka haramta, ba mazhabar Shi'a ba, kuma gaskiya ne akwai 'yan Shi'ar da ba sa bin Zakzaky. Amma ɗan sandan da ke bakin titi ranar Ashura ba ya da hanyar rarrabe wanda ya fito don juyayin Imam Husaini da wanda ya fito don ƙungiya, saboda haka kuɗin goro ake yi musu. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙon addininsa da bayyana shi da yaɗa shi, shi kaɗai ko cikin jama'a. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci don tsaro da zaman lafiya, amma da sharaɗin cewa taƙaitawar ta zama abin da hankali zai karɓa a ƙasar dimokuraɗiyya, kuma ban ga yadda hukuncin da aka yanke a bayan idon wanda ake ƙara zai cika wannan sharaɗi ba.

Kadinal John Onaiyekan na cocin Katolika, wanda ba ya tarayya da su a komai na aƙida, ya fito ya soki haramcin tun a 2019, yana gargaɗin cewa abin da aka yi musu ana iya yi wa kowa. Ina ganin ya hango abin da malamanmu da yawa suka kau da kai daga gare shi. Tun a 2016 ma gwamnatin Kaduna ta kai wa majalisa ƙudurin sabunta dokar wa'azi ta 1984, wanda ya tanadi lasisin shekara-shekara ga masu wa'azi, sai ga limaman coci da malaman da suka yi shiru kan Zariya suna kuka cewa za a sa musu takunkumi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin gwamnati ba: a gurfanar da duk wanda ya tare hanya ko ya ɗauki makami, da sunansa da shaidar laifinsa, a kuma yi haka ga sojan da ya harbi wanda ba shi da makami, sannan a sake duba haramcin a buɗaɗɗiyar kotu inda kowane ɓangare zai yi magana.

Ina jiran amsarka, musamman idan kana da ja. Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka amini,
Sani