Wayar Inna ce bankinta, amma ta ƙi yarda a kulle ta

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron filinki na rediyo ce, matar aure a Unguwar Rimi, nan Kaduna. Damuwata ba ta gidan miji ba ce, ta mahaifiyata ce da wayarta.

Inna tana zaune a Rigasa, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tun muna yara. Da can cinikinta a bakin zane yake ƙullewa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya sa dole aka haɗa layinta da asusun banki, domin kowane mai saye sai ya ce bari ya tura. Yau jarinta da zubin adashenta da ɗan abin da muke aika mata duk wata, duka ta layin nan guda suke bi. Ba ta yi boko ba. In alat ya shigo, duk yaron da ke kusa shi take miƙa wa ya karanta mata.

Kin san yadda wuta take a unguwanninmu. In wayar ta mutu, sai ta ba jika ko almajirin gidan ya kai wa mai caji a bakin titi, ta wuni a kan tebur cikin tarin wayoyin jama'a tun hantsi har la'asar. Ba na zargin mai cajin da komai, amma hannun da ke kai-komo a teburin nan yana da yawa. Wayar ba makulli a fuskarta, ba makulli a sim. Lambar sirrin bankin kuwa tana rubuce a 'yar takarda, an soke ta cikin rigar wayar, wai don kada a manta.

In kuma an kawo wuta da dare, sai ta jona ta tura ƙarƙashin matashi, ta kwana a kai, saboda tsoron masu zura hannu ta taga. Cajar irin ta masu talla a bakin hanya ce, tana zafi har ba ta taɓuwa. Da rana tana gefen murhu lokacin suya. Yanzu bayan wayar ya kumbura, murfin ya ɗaga, ta ɗaure shi da roba. Mai gyaran da na nuna wa ya ce batiran wayoyin yanzu na litiyam ne, zafin da ya haura digiri 35 yana lalata su, kuma wanda ya kumbura ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a ci gaba da yi masa caji, domin yana iya kama wuta. Ki duba zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano, ga katifar soso, ga jikoki biyu da ke kwana tare da ita. Da na faɗa mata, dariya ta yi, ta ce wayar ƙoshi ta yi, in bar mata abinta.

Maganar layin ta fi hana ni barci. Wata ma'aikaciyar banki ta yi mini bayani cewa masu ƙwacen waya da yawa ba wayar ce gabansu ba, sim ɗin suke so. Su zare shi su sa a wata ƙaramar waya, tunda lambobin nan na tura kuɗi da ake dannawa ba sa bukatar intanet. Balle an haɗa musu da lambar sirri a takarda. Ta ce a sa wa sim ɗin makullinsa na kansa, yadda ko an canza masa waya ba zai buɗe ba. To amma ga inda gizo ke saƙar: duk lokacin da waya ta mutu aka kunna sai ta nemi lambar, ta Inna kuwa kullum sai ta mutu. In aka yi kuskure sau 3 layin ya rufe, sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, katin da ba wanda ya san inda yake. A kuskure PUK sau 10, sim ya tashi aiki ke nan. Ƙari a kan haka, da aka ba da umarnin haɗa layuka da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, a Disambar 2020, da na ƙanena aka haɗa nata, shi kuma yanzu yana Fatakwal. Ko walkam-bak ne ya kama, wato a sake ciro layin a sabon sim, sai an jira shi.

Abin da na iya yi ba tare da izininta ba kaɗan ne. Na danna *#06# na kwafe lambar shaidar wayar, wato IMEI mai lamba 15, na adana, ko da za a je wurin 'yan sanda wata rana.

Anti, ni ce 'yar fari. Ko sunana Inna ba ta kira, balle mu zauna ina koya mata yadda za ta riƙe kayanta. Ranar da na yi ƙarfin hali na ce a cire takardar nan a sa makulli, cewa ta yi, "Wato na tsufa, har waya ta gagare ni riƙo?" Kwana biyu tana amsa gaisuwata a daƙile. Wata ƙanwata kuma ta fara yaɗa cewa so nake in san abin da ke cikin asusun. Wallahi ko sisinta ba na bukata, amma maganar ta yi mini ciwo, kuma ta sa na ja baya.

Maigidana yana ganin a saya mata ƙaramar waya mai maɓalli don kira, layin banki kuma ya zauna a akwati. Ni ban gamsu ba, domin mai sayar da mai ba za ta saki kwalba ba sai ta ji shigowar alat. Ni kuma ina tunanin a raba kuɗin: na ciniki a wannan asusun, ajiya a wani da ba a taɓa shi ta waya. Sai dai wa zai kai mata maganar ta karɓa? Kawu, yayanta, tana jin maganarsa, amma ina tsoron ta ce na kai ƙararta. Batirin fa, in karɓi wayar da sunan gyaran sifika a canza shi ba ta sani ba, ko hakan ha'inci ne ga uwa? In kuma dole wani ya riƙe lambar sirrin tare da ita, wa ya dace a cikinmu, yadda zumunci ba zai ɓaci ba?

A rediyon wayar nan take sauraron filinki, ba ya wuce ta. Don Allah in za ki amsa, ki sakaya unguwa da sana'a, ki yi maganar kamar da dukan iyaye mata kike, musamman batun caji a ƙarƙashin matashi, tun kafin zafi ya shigo.

Wassalam,
'Yarki mai sauraro, daga Kaduna.