Baƙin Mishan da Kututturan Gonakin Maraɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in yi tsokaci kan 'yan mishan da ke baro ƙasashensu su zo yi wa talakawa hidima.

Da yawa daga cikinmu muna kallonsu da ɗari-ɗari, don mun san addininsu suka zo yaɗawa, kuma ba su ɓoye ba. Amma a faɗi gaskiya. Asibitin garin Galmi a nan Nijar da ƙungiyar 'yan mishan ta SIM ta buɗe a 1950 har yau cike yake da marasa lafiya, wasu ma daga Najeriya suke tsallakowa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya zo Nijar a 1981. Ya yi ta dashen itatuwa, rani da awaki suna gamawa da su. A 1983 ya lura cewa tohon da manoma ke sarewa lokacin sharar gona yana fitowa ne daga kututturan itatuwa masu saiwa a raye. Sai ya ce a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da fari dariya aka yi masa: wa ke barin sabara a gonar gero? Yanzu a gonarmu kalgo da gawo sun wuce kaina, mata sun huta da doguwar tafiya neman itacen girki, iska kuma ta rage binne mana shuka da rairayi.

Ina ma malaman gona a Katsina da Jigawa za su leƙo su gani da idonsu.

Naku,
Wani manomi daga Maraɗi