Ba don 'yanta bayi aka kafa jam'iyyar Lincoln ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi tsokaci kan sharhin da kuka buga kwanan baya game da siyasar Amurka. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Sai dai jimla guda ta tsaya mini a wuya, inda ya ce wai an kafa jam'iyyar Republican, wato jam'iyyar Shugaba Abraham Lincoln, domin ta 'yanta bayi ne. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare kafin in yi ritaya, kuma wannan ce amsar da ɗalibai suka fi rubuto mini, ni kuma in ba su rabin maki. Rabi, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba haka abin ya faru ba.

Asalin rigimar a kan fili take. Tun 1820 'yan siyasar Amurka suka yi yarjejeniya, aka karɓi Missouri a matsayin jihar bayi, aka karɓi Maine a matsayin jihar da babu bauta, sannan aka ja layi a kan makeken yankin da suka saya daga Faransa, aka ce daga layin nan zuwa arewa ba a shiga da bawa. Haka aka yi ta zaman doya da manja har 1854, lokacin da Sanata Stephen Douglas na jihar Illinois ya kawo ƙudurin kafa yankunan Kansas da Nebraska. Yana so a buɗe yamma, jirgin ƙasa ya ratsa, amma yana buƙatar ƙuri'un sanatocin Kudu. Sai ya biya su da soke layin, ya ce a bar mazauna kowane yanki su zaɓa da kansu, ko da bauta ko babu. Shugaba Franklin Pierce ya sa hannu ranar 30 ga Mayu.

A kunne maganar tana da daɗi, kamar dimokuraɗiyya. Amma ƙaramin manomin Arewa (arewacin ƙasarsu nake nufi fa, ba tamu ba) ya gane karatun nan take. Idan mai gandun auduga ya iso da bayi ɗari ya kwashe ƙasa mai kyau, shi mai garma ɗaya da 'ya'ya uku ina zai sa kansa? Ta yaya mai biyan lada zai yi gasa da wanda ba ya biyan ko sisi? Wannan tsoron shi ya cika tarurruka. Ranar 20 ga Maris 1854, tun ƙudurin yana majalisa, wasu mutane suka haɗu a wata 'yar makaranta a garin Ripon na jihar Wisconsin suka ce a kafa sabuwar jam'iyya. Ranar 6 ga Yuli aka yi babban taro a Jackson ta jihar Michigan, jama'a suka yi yawa har aka koma gindin itatuwa.

Su wa suka taru? Haɗin gambiza ne sosai. Akwai 'yan jam'iyyar Whig da jam'iyyarsu ke rushewa a kansu, akwai 'yan Democrat na Arewa da suka sauya sheƙa don haushin Douglas, akwai ragowar 'yan Free Soil, ƙaramar jam'iyyar da ke adawa da faɗaɗa bauta zuwa yamma, akwai masu ƙyamar 'yan Katolika da 'yan ci-rani daga ƙasashen waje, waɗanda suka rasa mafakar siyasa daga baya, akwai kuma 'yan tsiraru da suka tsani bauta don Allah, suna ganin zunubi ce. Abu ɗaya kawai ya ɗaure wannan tsintsiya: kada bauta ta ƙara taku ɗaya zuwa yamma. Bayin da ke Virginia da Georgia da Mississippi kuwa, su kusan miliyan 4 a ƙidayar 1860 idan an haɗa duk Kudu, jam'iyyar ta ce tsarin mulki bai ba gwamnatin tarayya ikon taɓa su ba. Da yawa daga cikin magoya bayanta ma ba bawan kaɗai suke gudu ba, baƙar fatar gaba ɗaya ce ba sa so a maƙwabta. Jihar Lincoln kanta, Illinois, ta yi doka a 1853 ta hana baƙaƙe shigowa su zauna. Shi ma Lincoln, a muhawararsa da Douglas a 1858, ya faɗa da bakinsa cewa ba ya neman daidaita fari da baƙi a zaɓe ko a auratayya, duk da ya dage cewa bauta zalunci ce kuma baƙin mutum yana da haƙƙin cin guminsa.

To me ya sa jam'iyyar da aka haifa a ajin makaranta ta kama mulki cikin shekara shida? A ganina masu bayin ne suka yi mata yaƙin neman zaɓe kyauta, don duk lokacin da suka ci nasara sai su wuce gona da iri.

Dubi Kansas. A zaɓen Maris 1855, masu haƙƙin jefa ƙuri'a ba su kai 3,000 ba, amma aka ƙirga ƙuri'a sama da 6,000, domin 'yan banga sun tsallako daga Missouri da bindigogi sun yi aringizo sun koma gida. Wannan ne "a bar mazauna su zaɓa" ɗin. A Mayun 1856 suka afka wa garin Lawrence, suka farfasa injinan buga jarida suka rushe otal.

Washegari, 22 ga Mayu, aka yi abin da ni dai nake ganin ya fi kowane jawabi tara wa jam'iyyar jama'a. Sanata Charles Sumner na Massachusetts ya yi jawabi mai zafi a kan Kansas, ya caccaki wani sanatan South Carolina. An tashi daga zama, yana kan teburinsa a zauren Majalisar Dattawa yana rubutu, sai ga Preston Brooks, ɗan Majalisar Wakilai kuma ɗan'uwan wancan sanatan, riƙe da sanda mai kan zinariya. Ya hau shi da duka a ka. Teburin a kafe yake da ƙasa, ƙafafun Sumner suka maƙale a ƙarƙashi, sai da ya yunƙura ya tumɓuke shi, jini ya rufe masa ido, Brooks bai daina ba har sandar ta kakkarye. Kotu ta ci shi tarar dala 300. Mutanen Kudu suka yi ta aiko masa da sababbin sanduna, mazaɓarsa ta sake zaɓensa. Sumner kuwa ya fi shekara uku bai koma aiki sosai ba, Massachusetts ta bar kujerar a wofi kowa yana gani. Mutumin Ohio da bai taɓa damuwa da bulalar da bawa ke sha ba, ranar ya ga cewa gemunsa ma yana kusa da wutar.

Kada a ce na rufa wa ɗaya ɓangaren asiri: bayan kwana biyu John Brown, wani mai tsattsauran ra'ayin yaƙi da bauta, shi da mutanensa suka kashe mutum biyar masu goyon bayan bauta a Kansas cikin dare.

A zaɓen Nuwamban wannan shekarar ɗan takarar shugaban ƙasa na farko na Republican, John Frémont, ya sha kaye a hannun James Buchanan, amma ya ci jihohi 11. Sai Kotun Ƙoli ta ƙara zuba fetur a Maris 1857 a shari'ar Dred Scott, bawan da ya nemi 'yanci saboda ubangidansa ya zauna da shi inda aka haramta bauta. Alƙalin alƙalai Roger Taney ya ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne balle ya kai ƙara, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a kowane yanki. Wato kotu ta ce manufar jam'iyyar ɗungurungum ta saɓa wa tsarin mulki. Maimakon ta mutu, sai ta ƙara ƙiba.

Duk da haka ba da maganar bauta kaɗai suka ci 1860 ba. Sun yi wa manoma alkawarin fili kyauta a yamma, sun yi wa masu masana'antun Pennsylvania alkawarin harajin da zai kare su daga kayan Ingila, suka ajiye William Seward da ake ganin ya cika zafi suka ɗauko Lincoln. Democrat kuma ta dare gida biyu, Douglas a Arewa, John Breckinridge a Kudu. Lincoln ya samu kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, da wakilan zaɓe (wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa) 180 daga cikin 303, alhali a jihohin Kudu goma ko takardar ƙuri'arsa ba a raba ba. South Carolina ta ɓalle daga tarayyar Amurka ranar 20 ga Disamba, wasu shida suka bi ta tun kafin a rantsar da shi. Ranar rantsuwar ma, 4 ga Maris 1861, sake nanatawa ya yi cewa ba shi da niyyar taɓa bauta a jihohin da take.

'Yancin ya zo daga baya, kuma yaƙin basasa tsakanin Arewa da Kudu ne ya kawo shi: bayi da suka riƙa gudu zuwa sansanonin sojan Arewa har gwamnati ta rasa yadda za ta yi da su, shelar Lincoln ta 1 ga Janairu 1863 da ta 'yanta bayin yankunan da suka yi tawaye, baƙaƙe wajen 180,000 da suka sa kakin soja, sannan gyaran tsarin mulki na 13 da ya haramta bauta a Disamba 1865. A cikin sojojin nan har da wani haifaffen Kukawa ta Borno, Nicholas Said, wanda aka kama yana yaro aka ƙetara da shi Sahara, ya zaga Tarabulus da Istanbul da Rasha kafin ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Lincoln da jam'iyyarsa sun cancanci yabo a kan ƙarshen lamarin, ban hana su ba. Ina dai so a rubuta sunan wanda ya gudu da ƙafarsa da wanda ya ɗauki bindiga kusa da nasu.

Idan da hali, Malam Edita, a roƙa mana marubucin ya dawo ya warware wa masu karatu yadda aka yi Kudun da ta ɓalle saboda Lincoln ta zama tungar jam'iyyarsa a yau. Jikokina sun tambaye ni, na ce su bari mu gani ko jarida za ta rage mini aiki.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, daga Zariya