A daina haɗa kajiji da kacala

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu aikin share hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, domin a wurin yaƙi da kacala ana haɗawa da kajiji a tumɓuke, alhali ba abu ɗaya ba ne.

Kacala ganye gare ta, dogo mai faɗi kamar takobi, tana kai mita 3, kuma kanta na fitar da zangarniya ruwan ƙasa mai kama da ta gero. Ita ce ta toshe magudanai tun da madatsun ruwa na Tiga (1974) da Challawa (1992) suka sa ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da dama, ga tsuntsun jan baki da ke kwana a cikinta yana cinye wa manoma shinkafa.

Kajiji kuwa kusan ba shi da ganye. Kara ne zalla, kore, mulmulalle, tsawonsa mita 1 zuwa 2, da ɗan tsintsiyar fure a ƙoli. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a matse karan tsakanin yatsu biyu a ja: za a ji gaɓa-gaɓa a ciki, musamman in ya bushe. In aka tsaga shi za a ga shingayen a jere. Aya-aya, da wasu ke rikita shi da ita, gajeruwa ce kuma karanta kusurwa uku gare shi. In har yanzu da shakka, a tono saiwar a kankare da farce. Ƙamshin nan da mata suka sani a turaren wuta shi zai ba da amsa.

Kajiji yana son bakin tafki da gefen rafi, inda ruwa bai da zurfi kuma ƙasa ke riƙe laima har rani. Masu haƙarsa su jira ruwa ya janye, su bar wani sashe na saiwar a ƙasa don ya sake tofowa, su wanke su shanya ya bushe sarai. Wanda aka zuba a buhu da danshi fumfuna yake yi, ƙamshin ya lalace.

Ita kacala, ƙona ta ko sare ta a saman ruwa wahalar banza ce, don saiwarta na shan iska ta kututturen da aka bari. A yanke ta kamar taƙi guda ƙarƙashin ruwa, a maimaita in ta leƙo.

Naku,
Mai karatu daga Haɗejiya